Tarin ɗan farina da ruwan shuka

Ni ce Hajo ta Afala, mai fura. Duk wanda ya taɓa cin kasuwarmu ya san ƙwaryata. Ban yi lakwal ba, wato boko, faɗa nike ana rubutawa. Abin da ya sa na yarda a rubuta shi ne, tarin da ya kusa ɗauke mini ɗa shina nan cikin garuruwanmu har yau, kuma na ga yadda shike kashe mutane. Shina jira sai mutum ya ji sauƙi, sannan shi kashe shi.

Ɗan farina ne. Mutanen Adar sun san nauyin wannan magana, amma takarda na zuwa nesa, bari in faɗi. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi mishi wasa gaban mutane, ba ta fuskantar shi da magana. Ana yaye shi goggonai, ƙanwar mijina, ta ɗauke shi, ita ta raine shi har ta yi mishi aure. Ga shi kuma sunan uban mijina anka sa mishi, kunyar ta zama biyu. In ina son gaya mishi wani abu, sai in gaya ma wanda ke kusa: "A ce ma wancan akuyatai ta shiga gonar mutane." Shi ko Yaya shike ce mini, yadda ya ji ƙannena na faɗi. Haka munka zauna har ya yi gemu. Mata in suna faɗa da ɗiyansu marasa kunya, ni suke kawowa misali. Ina jin daɗin hakan, ba ni ɓoyewa.

Shekaru kaɗan bayan Nasara sun miƙa mulki ya tafi cin rani Abijan, kamar sauran samarin Adar. Ya komo da bargo, da fitila, da tari.

Da farko tarin safe ne, ba wanda ya kula. Anka yi kaka, anka ɗaure damma, masassara ta fara kama shi duk la'asar. Da safe matatai Biba ta fid da tabarma ta shanya, jiƙe da zufa. Da ɗari ya shigo, rigar da ya zo da ita daga Abijan ta yi mishi yawa, ƙasusuwan wuya sunka fito. Ni ba ni iya tambayar shi ina ke ciwo. Sai in bari shi tashi daga gindin zana, in je kamar ina neman kaza, in duba inda ya tofa. Ranar da na ga ja cikin kakin, na ture ƙasa da ƙafa na rufe, na koma bakin turmi. Ban san abin da na daka ba rannan.

Shawara ba ta yi mana kaɗan ba. Mijina ya riga ya rasu, goggon da ta raine shi ita ma haka, sai ƙanen mijina Ada, shi ne babba a gida. Ada ya ce beli ne ya yi tsawo shina taɓa maƙogwaro. Anka kira wanzami ya yanke, anka ba shi zakara. Jini ya zuba, yaro ya yi kwanaki ko kunu ba shi iya haɗiyewa, tari na nan. Malam ya yi rubutu ya sha, wannan ba ni kuka da shi, sunan Allah ba shi cutar kowa. Anka ce nonon raƙumi, munka aika wurin Buzaye gaba da Takanamat. Ya ɗan ba shi ƙarfi, amma ya ci mini akuya. Wata kuma ta ce sammu anka yi mishi a Abijan, a rufe ɗaki a yi turare. Wannan ce ta fi muni. Ya yi tarin da har maƙwabta sunka fito, suna zaton rai ne ke fita. Cikin wannan hali Biba ta haihu, ta tafi wanka gidan iyayenta. Jinya ta rage ba mai yi sai ni, wadda ba ta iya ce mishi sannu.

A lokacin akwai wani babban ma'aikacin likita da ake ce ma majo, mutumin wajen Konni, shina zagaya garuruwa da mota ranar kasuwa. Shi ajiye tebur gindin gawo, a yi ma yara lamba, a wanke ma mutane gyambo. In ya gama sai shi bi cikin kasuwa hannu a baya, kamar mai neman abin saye. Daga baya na gane tari shike sauraro. Ya tsaya wurina ya sha fura, sai ɗana ya yi tari daga rumfar da ke bayana.

"Inna, wa ke wannan tari?"

"Wani ne na gidanmu."

"Tun yaushe?"

"Tun kaka."

Ya ajiye ludayi ya je ya tsuguna gabanai, ya ɗora mishi abin saurare ga ƙirji da baya. Da ya taso ya ce a kai shi likita, wato asibitin Tawa, kar a jira kasuwa ta zagayo. Ya ce a ware mishi ludayinai, kuma kar a kawo jinjiri kusa da shi. Ada ya ce likita wurin mutuwa ne, duk wanda anka kai can gawa ake komowa da ita. Na ce ai sai sun zama gawa kuke kai su. Na ɗaura ma jaki akumari, na ari ɗan maƙwabcinmu Garba shi riƙe shi bisa hanya, don ba shi iya zama shi kaɗai.

Mun iso Tawa rana ta karkata, anka ce an tashi, sai gobe. Da safe munka shiga layi. Nan zan yi kukana na farko. Mu da munka yi wuni bisa hanyar duwatsu muna tsaye cikin rana, masu wando na gari suna zuwa suna wucewa gaba, a gaisa da su a buɗe musu. Mai tsaron ƙofa da sandatai shina tura mu baya, shina cewa ƙauyawa ba su san layi ba. Na ce mishi, "Ɗana, hatsin da ka ci da safe a layi anka shuka shi, kuma ƙauyawa sunka shuka." Mata sunka yi dariya, ya ƙyale mu, amma bai sa mu gaba ba.

Da munka shiga, majo ne zaune, ya gane ni. Ya ɗauki alƙalami.

"Inna mai fura. Wa sunanai?"

Tari ya turnuƙe yaro, ba shi iya magana. Garba na waje wurin jaki. Na dubi bango.

"Inna, sunanai nike tambaya."

"Sunan uban mijina gare shi."

"To, shi uban mijin naki wa sunanai?"

Wata mata da ke bayana ta ce, "Majo, kai ma ka san ɗan fari ne, kar ka sa tsohuwa zunubi." Ya yi murmushi ya aika anka kira Garba, shi ya faɗi sunan, ni ko na toshe kunne da gefen zane.

Anka ba shi gwangwani shi tofa kaki, anka duba cikin madubinsu. Washegari likita Nasara ya zo, ya ƙwanƙwasa mishi ƙirji da yatsa, ya ce "tiberkiloz". Kalmar ta zauna mini, har yau ban manta ba. Mu tarin fuka muke ce mishi.

Majo ya kira ni gefe, bai yi mini dariya ba wannan karon.

"Inna, maganin wanga ciwo akwai shi. Allura ce kullum, wata da watanni, da ƙwayoyi har bayan nan. Amma ni ba ni fara ma kowa sai an ba ni mai riƙo."

"Mai riƙon me?"

"Mai riƙon mara lafiya. Yanzu bazara na zuwa. Kafin ruwa shi zuba zai ji ƙarfi, jini shi tsaya, shi ce ya warke. Alhali ciwon kwanciya ya yi. Ranar da ruwan shuka ya sauka, duk mutanen ƙauye naɗe tabarmi suke su tafi gona. Kowace shekara ina ganin wannan. In kaka ta yi a komo mini da su, kuma allurar ba ta cin ciwon kamar da. Ina son mutum guda a gidanku wanda in ya ce mishi zauna, zai zauna."

Na ce, "Ni ce."

"Ke da ba ki magana da shi?"

"Maganata ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba a Afala. Ka fara allurarka."

Ya fara. Ni ko na fito ina tunanin abin da na ɗauka. Ban san yadda ake riƙe mutumin da ba a fuskanta ba.

Masu tari an ware musu wani dogon ɗaki can baya, masu jinya muna waje, kowa da duwatsun murhunta. Garba ya koma gida da jaki, ba sauran wanda zan aika da magana. Akwai butar alwala da ke zama kusa da tabarmatai, sai na mai da ita ɗan aike. In na kawo kunu in dubi buta in ce, "A ce ma wancan shi sha tun da zafi." Majo in ya zo zagaye sai shi gaida ni, shi gaida yaro, shi duƙa shi ce, "Buta, ina kwana, ina gajiyar aike?" Duk ɗakin a yi dariya, har masu tarin da dariya ke wahalshe su.

Makon farko ba mu ga komai ba sai wahala. Ɗuwawu ya kumbura da allura, ƙwayoyin suna juya mishi ciki. A Tawa ruwa sayen shi ake, itace ma sayen shi ake, abin da ban taɓa gani ba. Akuyata ta biyu ta tafi, zanen saƙi na aurena ya bi ta. Da na ga haka na nemi turmi aro, na fara dama fura ina sayarwa bakin ƙofar likita. Mai sandan nan ya zama mai sayen furata, kuma ban taɓa ƙara mishi nono ba.

Akwai kwanakin da allura ta ƙare, anka ce mota ba ta zo daga Yamai ba. Mu an ce kar mu tsallake ko rana guda, su ga shi sun tsallake mana. Na gaya ma majo haka a fuska. Bai musa ba. Ya ce in ci gaba da ba shi ƙwayoyi, shi kuma ya yi ta buga waya har magani ya iso. Sai kuma kunne. Yaro ya fara jin ƙara kamar ta gyare, in ya tashi jiri shi ɗebe shi, kunnen hagu ya yi nauyi. Majo ya ce allurar ce, ya rage yawanta. Na ce me ya sa ba ka faɗa ba tun farko? Ya ce da ya faɗa da Ada bai bari an fara ba. Gaskiya ne, amma har yau ina ganin ya kamata a gaya ma mutum.

Da wata ya kama ya mutu, jini ya tsaya. Zufa ta bari. Yaro ya fara cinye tuwo shina duba tukunya. Kusa da shi akwai wani Sha'aibu, mutumin wajen Takanamat, manomi mai ɗiya da yawa, mai barkwanci. Su biyu suna dara gindin itacen bedi, suna zuwa kasuwa da ƙafa su komo. Ina kallon wuyan ɗana na cikowa, ina godiya ga Allah, ina kuma jin tsoro, don maganar majo na bin hanyarta daki-daki.

Zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara haɗuwa gabas. Duk la'asar sai ka ga mazan ɗakin sun fito suna duban sama. Majo ya tara su ya ce ya bi garuruwa ya yi magana da masu gari, samari za su yi gayya su shuka ma duk wanda ke kwance a likita. Sunka ce to. Na san irin wannan to, ita ake ce ma mai iko in ana son shi tafi.

Ruwa ya sauko wata Alhamis da la'asar, mai yawa, har ya kwanta a tsakar likita. Da safe ƙasa na ƙamshi. Ni kaina da nike tsohuwa hannuna ya yi ƙaiƙayin iri, ba ni ƙarya. Kafin hantsi ana ta naɗe tabarmi. Majo na tsaye bakin ƙofa shina kiran mutane ɗaya-ɗaya, shina roƙo, shina faɗa, suna ce mishi Allah shi saka da alheri suna wucewa. Sha'aibu ya zo yi mana sallama da ƙunshinai a kai.

"Inna, in na bar ma samari gonata, ciyawa zan girba. Ina gama noman farko zan komo in karɓi sauran allurata."

Na juya, sai na ga ɗana ya naɗe bargon Abijan shina ɗaurewa da igiya.

Na dubi buta. "A ce ma wancan shi kwance kayan nan."

Bai ɗago ba. Shi ma buta ya duba. "A ce ma Yaya na warke. Ga Biba da jinjiri, ga rumbu ya kusa ƙasa. In ban shuka ba me za su ci?"

"A ce mishi an yi gayya."

"A ce mata na san gayyar da ake yi ma wanda ba shi nan."

"A ce mishi na ba da magana."

"A ce mata ba da ni anka yi shawara ba."

Ya ɗauki kaya ya fita. Ban ga laifinai ba, gaskiya ya faɗi. Na bi shi a baya har tsakar likita, mutane cike, masu layi da masu tafiya. Majo ya dube ni daga bakin ƙofa. Na tuna jan da na rufe da ƙafa gindin zana. A can ma na ga abu na yi shiru don kunya, watanni sunka wuce. Na buɗe baki na faɗi sunan, a hankali, yadda shi kaɗai zai ji.

Bai ji ba. Ta gefen kunnen da allura ta taɓa nike.

Ya kusa ƙofa. Sai na ɗaga murya, muryar da nike tallar fura da ita, na kira shi da sunan da anka raɗa mishi, sunan uban mijina, gaban mazan Tawa da matan Adar.

Ya tsaya. Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ashe kin san shi."

Na ce, "Ina ɗaki ina ji anka raɗa maka shi. Ajiye kayan nan ka je a yi maka allura."

Ya sauke ƙunshi ya zauna bisa shi cikin laka, ya rufe fuska da hannun riga. Ni ko na koma wurin murhu, na tarar kunu ya ƙone. Majo bai taɓa yi mini zancen ba, sai dai daga rannan ya bar gaida buta.

Mun yi damina a Tawa, ɗakin kusan ba kowa. An yi gayyar, ba ni cewa ba a yi ba, amma an yi ta yadda ɗana ya faɗi. Samari sun watsa iri da nisa-nisa don su gama da wuri, noma ya makara, abin da munka samu bai kai mu lokacin ɗari ba. Karsanata, wadda nike ajiya don likkafani da sadaka, ita ta ciyar da mu wannan shekara. Ada bai bari na manta ba, duk zaman fira sai ya ce ga gonar likita can. Da anka gama allura anka sallame mu da ƙwayoyi, majo kuma duk ranar da ya zo kasuwar Afala sai ya biyo gida, shi saurari ƙirjin yaro, shi duba Biba da jinjiri, shi sha fura. Ba ni karɓar kuɗinai, shi kuma sai shi ajiye su ƙarƙashin faifai.

Sha'aibu ya komo, kamar yadda ya yi alkawari, amma bisa raƙumi anka kawo shi, muna gab da barin Tawa. An sake yi mishi allura, ba ta ci ba. Bai ga kaka ba. An ce gonatai ta yi kyau wannan shekara. Allah shi jiƙan shi.

Labarin kiran da na yi ya riga ni zuwa Afala. Matan da ke kawo ni misali sunka ce Hajo ta zubar da kunyarta a Tawa. Wata ta faɗa mini a bakin rijiya. Na ce mata na zubar, kuma na san abin da na ɗauko a madadinta. Ban ƙara ba.

Ga abin da nike son mai jin wannan shi riƙe. Tarin da ya wuce wata, da masassarar la'asar, da rama, kar ku tsaya yankan beli da turare, ku kai mutum likita tun shina iya zama bisa jaki. In an fara allura, ku shirya zancen gona tun bazara, ku sa naku na jini shi tsaya bisa gayyar, don kar a yi muku irin tamu. Su kuma na likita su ji tsoron Allah su bar mutanen ƙauye cikin rana, su riƙa faɗin abin da magani ke yi ma kunne. Kuma duk wanda ya ce shi ne mai riƙo, shi san ranar ruwa za a nemi abin da ya fi mishi wuya.

Sunan kuwa na mai da shi inda shike, ban sake faɗin shi ba. Na koma aike, shi ma ya koma, sai dai in na ce a gaya ma wancan abu, shina juyo kunnen dama tun kafin a gaya mishi. Mai rubutun nan ta ce in faɗi sunan a sa cikin takarda, wai labari ba shi cika babu sunan mara lafiya. Na ce ba daga bakina ba. Shina nan bayan gida shina yaɓen rumbu, ta je ta tambaye shi da kanta.